Sunan esta daga wutsiya ake fara shi

Muna aji uku na babbar sakandare malamin kemistiri ya rubuta CH3CH2COOCH3 a allo, ya ce kowa ya ba shi suna a takarda. Ko numfashi ban ja ba na rubuta ethyl methanoate. Kabon biyu a hagu, ɗaya a dama, me ya rage? Takarda ta dawo da ƙaton sifili na jan biro.

Bayan an tashi na bi shi. "Malam, ina laifina?" Ya ce, "Ɗana, laifinka biyu ne. Ka fara daga kai, kuma ka bar kabon ɗaya a daji."

Ashe abin da ya rubuta a allon esta ce, ita kuwa esta haɗin asid ce da alkohol, ruwa ya fita a tsakaninsu. Matsalar ita ce a rubuce ɓangaren asid ke zuwa da farko, a suna kuwa na alkohol ne ke gaba. Wato CH3 ɗin nan na ƙarshe, wanda ke manne da oksijin, daga methanol ya fito, shi ne methyl. Sannan kabon da ke cikin COO na asid ne, dole a ƙirga da shi. Uku ke nan ba biyu ba: propanoic, a cire oic a sa oate. Methyl propanoate.

Tun daga ranar ba na ba esta suna sai na ja layi da fensir bayan COO. Abin da ke dama na fara kira, sannan in ƙirga na hagu da yatsa, har da na COO ɗin.

Wadda ta so ta sake kayar da ni ita ce HCOOCH2CH2CH3, don na ga H kaɗai na ɗauka babu kabon a hagu. Akwai, guda ɗaya: propyl methanoate. Ita da methyl propanoate da ethyl ethanoate duk C4H8O2 ne, wurin yanka kawai ya bambanta su. Masu tsara jarrabawa na son wannan tarkon.

Ranar gwaji a lab muka ɗumama ethanol da ethanoic asid tare da ɗigon sulfuric asid (H2SO4) mai ƙarfi, ƙamshi irin na man goge farce ya tashi. Malam ya ce wadda ke ƙamshin ayaba sunanta 3-methylbutyl ethanoate, wa zai zana ta? Na ɗauki alli, na fara daga dama.