Duk sun taɓa fuskar murmushi

A gidan kula da nake aiki a arewacin Ingila aka ɗora mini tattara ra'ayin mazauna, masu galahanga da masu jinkirin fahimta, kan asibitin unguwa da muke kai su duba lafiyar shekara-shekara, wadda ake fara yi musu tun suna shekara 14. Takardar da aka miƙo mini mai fuskoki uku ce: murmushi, ɓata rai, da tsaka-tsaki. Kusan kowa murmushin ya taɓa. Shugabanni suka ji daɗi, rahoto ya tafi cewa komai lafiya lau.

Alhali akwai wani saurayi a cikinsu wanda duk ranar asibiti sai an sha fama kafin ya shiga mota, ya toshe kunnuwa, yana cizon bayan hannunsa. Shi ma murmushi ya taɓa. Kuma me zai hana? Mai tambayar ita ce mai zuba masa abinci, tana tsaye a kansa da biro, ga wata ma'aikaciyar tana cewa "ai kana son likitarka, ko?" Watanni aka yi ana jan yaron nan zuwa wurin da ke azabtar da shi, saboda takarda ta ce yana jin daɗi. Abin na ci mini rai har yau.

Wata mai koyar da magana ce ta nuna mana Talking Mats, dabarar da aka ƙirƙira a Jami'ar Stirling, inda mutum ke ajiye hotuna a kan 'yar tabarma, a gefen "ina so", ko tsakiya, ko gefen "ba na so". Na ɗauko hotunan ƙofar asibitin, ɗakin jira, abin awon jini, har allon kiran suna. Wata ma'aikaciyar da ba ta aiki da saurayin ta zauna gefensa, tana miƙa masa ɗaya bayan ɗaya, ta yi shiru. Shirun nan shi ne aikin, kuma yana da wuya. Ya ajiye hoton likitar a "ina so". Allurar da muke zargi, tsakiya. Da aka zo kan allon, sai ya tura shi can ƙarshen tabarmar ya kifa. Ashe ƙarar da yake yi kafin ya nuna suna ce matsalar. Yanzu a mota yake jira har a kira mu, sauƙin da dokar daidaito ta 2010 ta riga ta ba shi.

Don Allah 'yan uwa masu wannan aiki, ku bar tambayar "e ko a'a", e za ku samu. In kun jera zaɓi biyu, da yawa na ƙarshen suke maimaitawa, sai ku juya jerin ku sake tambaya. Ra'ayin iyaye na da muhimmanci, amma a takardarsa daban. In an gyara wani abu, ku koma da hoto ku nuna wa wanda ya faɗa. Fuskokin kuwa na faɗa wa manaja ba zan ƙara raba su ba, ko da sun fi sauƙin ƙidaya.