Laraba, ƙwai shida

Da kuɗina na sayi ƙwan, guda shida, wajen mai shayin bakin kasuwar Kawo, na haɗa da guntun burodi. 'Yan SS2 ke da gwajin abinci yau, kun kuma san halin ɗakin gwajinmu.

Na raba musu fari daban, gwaiduwa daban. Aidin muka fara ɗigawa, ƙwan ko gezau, sai da ya sauka kan burodin ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi-shuɗi, alamar sitaci, ajin ya ɗauki sowa. Ƙwai dai ba shi da sitaci. Da muka zuba ruwan Biuret, wani shuɗin sinadari, a kan farin, shuɗin nan ya juye shunayya a hankali, alamar furotin ke nan. Gwaiduwa kuwa takarda muka shafa wa, ta bushe, muka ɗaga ta a taga haske yana ratsa tabon maiƙon. Na gaya musu wajen kashi 90 cikin 100 na farin ruwa ne zalla, kuma cokali da cokali gwaiduwa ta fi shi furotin. Ba su yarda ba, ni ma da can ban yarda ba.

Gwajin Benedict, na gano sukari, bai yiwu ba, don sai an ɗora shi a wuta. Babu gas.

Ina goge allo yarinyar nan ta bencin baya, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ta ce, "Malama, to satar a wanne take, farin ko gwaiduwar?" Aka kwashe da dariya, har ni. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Wai kakarsu ta hana a ba ƙanenta ƙwai, yaro in ya saba da shi ɓarawo zai zama. Na ce mata babu wannan a cikin ƙwai, abin gina jiki ne, ƙanenta ma ya fi kowa bukata. Ta ce to. Irin "to" ɗin da ake yi wa babba don a wuce wurin.

Tun a keke maganar ke cina. Haka Inna take faɗa mana muna yara a Tudun Wada, kaji cike da tsakar gida, amma ƙwan na kwanci ne ko na sayarwa. Sai yau na fara tunanin ko ita ma ba ta yarda da zancen ba, kawai dai ya fi sauƙin faɗa a kan "ba za su ishe ku ba". Ga shi ba ta nan balle in tambaye ta.

Huɗu muka fasa, duk na tuttular a kwata saboda sinadari ya taɓa su, yara na kallona. Biyun da suka rage suna jakata har gida. Na yi niyyar miƙa wa yarinyar, na rasa yadda zan yi a gaban 'yan ajin.

Abban Ummi ya dawo ya gan su a kwano, ya ce a soya masa.