Joyin ɗin ƙarfe ɗaya ya cinye mana tantanin fuwel sel

Wallahi har yanzu in na tuna raina ɓaci yake, don haka masu aikin fuwel sel na haidurojin, wato na'urar da ke haɗa haidurojin da oksijin ta ba da wutar lantarki, ku ji wannan kafin ku ɗora wa tantaninku laifi.

Ina digiri na biyu a wani lab a nan Jamus, aikin da aka ba ni shi ne gwajin juriyar tantani, wato siririyar fatar da ke raba gas ɗin biyu a tsakiyar sel tana barin furoton (ƙwayar haidurojin mai caji) ya wuce, irin Nafion 211 mai kaurin maikiron 25, in ka ɗaga shi da safar hannu kamar ledar burodi. Gwajin kuwa wanda ma'aikatar makamashi ta Amurka ta tsara ne, zafi digiri 90, danshi kashi 30, ba a jan wuta ko kaɗan, ana so sel ya kai awa 500 boltej bai sauka fiye da kashi 20 ba. Da yawa suna ɗauka in sel ba ya aiki hutawa yake, alhali a nan tantani ya fi ciwuwa, saboda gas na ratsawa ya haɗu a kan filatinom ɗin da ke manne da tantanin ya haifar da wani sinadari mai suna faroksaid.

Namu ko kusa bai kai ba. Boltej ya riƙa zubewa, haidurojin na ratsawa fiye da kima, ruwan da ke fita kuma cike da fuloraid, alamar tantanin ne da kansa yake narkewa. Muka saka sabo, shi ma haka. Farfesa ya ce ko wajen matsewa ne, aka duba, lafiya lau. Da muka haska da kyamarar zafi sai ga wani ɗigo ja kusa da inda gas ke shiga, wato huda ce, haidurojin na bi ta nan yana ƙonewa.

Sai da aka kai ruwan injin da ke ba gas danshi awo sannan asiri ya tonu, ƙarfe ne a ciki. Muka bi bututu gaɓa gaɓa har muka kwance wani ɗan joyin da bai wuce kan babban yatsa ba, waje yana ƙyalli, ciki kuwa tsatsa ja har ta manne a zaren. An sayar mana da shi ne a matsayin wanda ba ya tsatsa! Abin da wani masanin sinadarai mai suna Fenton ya gano tun 1894 shi ya same mu, ƙarfe in ya gamu da faroksaid sai su fitar da radikal, wani ɓarɓashin sinadari mai yanka sarƙar tantanin, kuma ƙarfe kaɗan ɗin da ido ba ya gani ya isa, tunda yana shiga ya zauna a gurbin da furoton ke bi.

Wani a lab ya ce ai da sinadarin siriyom aka saka wa tantanin da ba haka ba. Gaskiya ne siriyom na kama radikal ɗin, amma in ya yi yawa yana rage gudun furoton, kuma yana yawo ya bar inda aka sa shi, balle ga joyin yana ta zuba ƙarfe dare da rana. Ana maganar manyan motocin dakon kaya su kai awa 30,000, ku duba yadda abu ɗan mitsitsi zai rusa wannan lissafi.

Don Allah kafin ka fara kowane gwaji ka auna ruwanka, ka kwance kowane joyin ka leƙa cikinsa da tocila, kar ka yarda da abin da aka rubuta a kwali. Mu dai mun mayar da layin duka na Teflon, irin roba marar ƙarfe, sel na yanzu ya wuce inda na baya suka mutu, fuloraid ya sauka sosai, alhamdulillah. Wanda ya sayar mana da joyin ɗin kuwa har yau cewa yake kayansa ba su da matsala, duk da mun aika masa hoton tsatsar.