Gwiwar ƙanin matata da takardar likita

Jiya na kai ƙanin matata asibiti, wanda ya yi aikin soja a nan Amurka har aka tura shi Iraƙi, yanzu gwiwarsa ta dama ta ƙi lanƙwasuwa, sallah ma a kan kujera yake yi, ga ƙara a kunne dare da rana kamar kukan gyare. A mota nake ce masa to wai ina maganar kuɗin wata-wata da ma'aikatar tsofaffin sojoji, wato VA, ke biya? Ya yi dariya ya ce yaya ai ciwo shi kaɗai ba ya karɓo kuɗi, sai da takarda.

Ashe abu uku ake nema. Likita ya tabbatar kana da ciwon yanzu, a ga wani abu ya same ka lokacin kana cikin kaki, sannan na ukun wanda shi ne mafi wuya, likita ya rubuta cewa wancan ne ya haifi wannan. Kuma ba a ce sai ya rantse ba fa, in ya duba fayil ɗinka ya ce yiwuwar ta kai 50 cikin 100 kuma ya faɗi dalilinsa to ya isa, don in hujjoji suka yi kunnen doki doka ta ce a ba sojan gaskiya. Amma likitan da ya fara gani layi biyu kawai ya rubuta masa, wai "mai yiwuwa ne", babu dalili babu komai, wannan kam da ita da babu duk ɗaya.

Matsalar shi ɗan uwan nawa, ranar da ya diro daga babbar mota da kaya niƙi-niƙi a baya gwiwar ta yi ƙas, bai je wajen likitan sansani ba, ya ɗaure ta da bandeji ya haɗiye maganin ciwo wai kar a ce rago ne. To yanzu fayil ɗinsa fes, ko layi ɗaya babu a kan gwiwa. Raina ya ɓaci wallahi, na ce kai da dauriyar taka!

Wasu cututtukan an sauƙaƙa, dokar PACT da Biden ya sa wa hannu a 2022 ta ce wanda ya yi aiki a Iraƙi ko Afganistan inda ake ƙona shara a rami, in ya kamu da asma bayan barin aiki ko wasu nau'o'in kansa, an ɗauka daga can ne ba sai ya kawo wasiƙar likita ba. Gwiwa dai ba ta ciki.

Abin da ya rage masa shaidar abokan aiki, ana karɓa in wanda ya gani da ido ya rubuta. Tun da muka dawo yake kan Facebook yana neman wani da suke mota ɗaya ranar, rabonsu da magana an fi shekara goma.