Hawan igiya da lissafin kalorin da ya ci min tafin hannu

Har yau in na ci karo da jadawalin nan da ke yawo a waya, wanda ake jera wasannin motsa jiki da yawan kalorin da kowanne ke ƙonawa a awa guda, sai in ji raina ya ɓaci. Za ka ga an saka hawan igiya can sama tare da gudu da ninƙaya, an rubuta ɗaruruwan kalori a gabansa. Awa guda a kan igiya! Wane ne ya taɓa yi? Hawa ɗaya bai wuce daƙiƙa goma sha biyar zuwa ashirin ba, sauran lokacin kana ƙasa ne, dafe da gwiwa, kana haki. Wannan jadawali shi ya kai ni ga igiya, don teɓa nake son ragewa, kuma shi ya sa na daina jin abin da hannuna ke gaya min.

A wurin ɗaga ƙarfen da nake zuwa akwai igiya ɗaure a jikin ƙarfen rufi, tsawonta mita huɗu da rabi, wato ƙafa 15, irin tsayin da 'yan CrossFit, wani salon motsa jiki mai tsanani, ke amfani da shi a gasa. Koyon hawan bai ba ni wahala ba. Da na iya maƙale igiyar da ƙafa, ta bi ta ƙarƙashin ɗaya ta hau bisa ɗayar in take ta, sai abin ya koma miƙewa tsaye kawai. Daga nan na shiga ƙirga. Agogon hannuna yana nuna min lambar kalorin da na ƙona, ni kuma na rantse ba zan tafi gida ba sai lambar ta kai inda nake so. Sai na riƙa rage hutu tsakanin hawa da hawa.

Ranar da abin ya faru na taɓa ƙarfen sama lafiya lau. Wajen saukowa ne yatsuna suka ƙi bin umarni. Ban ji zafi ba, ban ji gargaɗi ba, kawai damƙar ta saki, ƙafata kuma ta riga ta kuɓuce daga maƙalin. Na sulalo tun daga sama har ƙasa da igiyar a cikin hannu, ga ta ta roba, mai santsi in gumi ya jiƙa ta, mai ƙuna in ta goge fata. Da na buɗe hannu sai na ga kantar da ke gindin yatsuna ta ɗaye ta naɗe gefe guda, ƙarƙashinta ja wur yana sheƙi, jinin ma bai fara fita ba tukuna. Ƙwaurina na dama shi ma ya samu rabonsa, dogon layi har idon sawu.

Wanda bai taɓa rasa fatar tafin hannu ba ba zai gane yawan abin da ake yi da ita ba. Alwala ta koma shafa a kan bandeji. Tuwo da cokali, a gaban yara suna ƙunshe dariya. Babur ɗina kuwa jingine shi na yi, don ba halin murɗa totur balle damƙe birki, kuɗin Keke Napep ya yi ta cin aljihuna har na warke.

Ina cikin wannan jinya ƙanena da ke koyar da Fiziks a sakandare ya zo duba ni. Da ya ji dalili sai ya ɗauki biro ya juya bayan takardar magani.

"Yaya, kilo nawa kake?"

Na ce tamanin. Ya ninka 80 da 9.8 na ƙarfin jan ƙasa da 4.5 na tsawon igiyar, ya samu jul 3,528, jul kuwa ma'aunin kuzari ne. Ya ce kalori ɗaya na abinci jul 4,184 ne, ke nan aikin ɗaga jikina daga ƙasa zuwa rufi bai ma cika kalori ɗaya ba. Tsoka ba ta mayar da duk abin da ta ƙona ya zama aiki, kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ne kawai, sauran zafi ne da gumi. Saboda haka hawa ɗaya ya kama kalori uku ko huɗu. Ya ce in ƙara na damƙa da na saukowa da na hakin da ke biyo baya, in yi wa kaina alheri in ce goma.

"Ko sau ashirin ka hau, Yaya, ɗari biyu ke nan. Robar Coca-Cola ta rabin lita da kake sha in ka fito ta ɗara haka."

Na yi shiru. Kilo ɗaya na kitse kuwa kusan kalori 7,700 ne. Kowa ya yi nasa lissafin. A kan abin da bai kai lemo ɗaya ba na bar fatata a jikin igiya, abin da ke ci min rai ke nan har gobe. Agogon ma ba laifinsa ba ne sosai: bugun zuciya yake aunawa, zuciya kuwa takan yi sama in mutum ya damƙe abu da ƙarfi yana riƙe numfashi, ko da abin da ake ƙonawa bai taka kara ya karya ba.

Duk da haka na koma, kuma ba zan ce wa kowa ya guji igiya ba. Amfaninta dai ba a ma'aunin nauyi yake ba. Damtse, tsokar da ta taso daga ƙarƙashin hammata ta bazu a gadon baya, kafaɗa, da ciki wanda dole ya ɗaure duk lokacin da ka ɗago gwiwa, duk suna aiki a tare. Ba banza ba sojoji da 'yan judo da 'yan kokawa suke riƙe da ita a atisayensu. Ta ma taɓa zama gasa a Olamfik, tun na farko a Atina a 1896 inda aka hau igiya mai mita 14, har zuwa na Los Angeles a 1932. Abin da na fi gani a jikina shi ne ƙarfin damƙa. Jarka mai lita 25 da a da sai na sauke ta a tsakar gida na canza hannu, yanzu har bayi nake kai ta ban tsaya ba. Akwai wani babban bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2015, kan mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, da ya nuna masu raunin damƙa sun fi fuskantar haɗarin mutuwa da wuri. Ba wai matse igiya ke ƙara kwana ba, damƙar alama ce ta ƙarfin jiki gaba ɗaya, amma na ji daɗin sanin haka.

Wani tsohon soja da ke zuwa wurin da sassafe, muna ce masa Baba, shi ya gyara min zama da na dawo. Bai bar ni na hau ba. Ya zaunar da ni a benci, ya ce in maƙale igiyar da ƙafa in miƙe, in saki, in sake, har sai na iya ido a rufe. Sannan ya ce, "Ɗana, kowane wawa ya iya hawa. Sauka ake koyo." Hannu ƙarƙashin hannu, ƙafa tana sassauta maƙalin kaɗan-kaɗan, ita ce birki. Haushin da nake ji shi ne mai kula da wurin ya ga lokacin da nake rage hutu, yana tsaye yana tafa min, bai taɓa nuna min wannan ba ko sau ɗaya.

Yanzu in na sauko sai na huta minti biyu ko fiye, kuma da zarar na ji yatsuna sun fara nauyi wajen buɗewa, na gama na ranar, ko agogo ya ce me. Ina saka doguwar safa saboda ƙwauri, ina cire zobe, ina goge kantar hannu da dutsen kaushi don kada ta yi tudun da igiya za ta kama. Mai saye wa kansa ya nemi mai kauri, wajen milimita 38, ta zaren tsiro irin manila, kada araha ta ja shi ga ta roba. A sa katifa a ƙasa, a duba ƙullin sama da ido kafin a ɗora nauyi. Hawa da hannu zalla ba ƙafa kuwa a bar shi sai an daɗe, don gwiwar hannu yake ci.

Teɓar ta ragu daga baya, amma tafiyar ƙafa bayan sallar Asuba da barin lemon kwalba ne suka rage ta. Jadawalin nan kuma har yanzu yana yawo, ko a makon jiya wani ya turo shi zauren WhatsApp na unguwarmu. Hoton hannuna na ranar na tura masa.