Narkakken ƙarfen da ba ya gaggawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam ya san narkakken ƙarfe tsinkakke ne. Ana tuttula shi, kafin ka ƙifta ido ya cika gurbi. Kusan duk ƙarfe zalla haka yake. Shi ya sa gilashin ƙarfe, wato gaurayen ƙarfe da ke daskarewa irin yadda gilashi ke yi, ya daɗe yana burge ni, domin shi asirinsa yana cikin kaurinsa idan ya narke.

Idan ƙarfe yana hucewa, ƙwayoyin zarrarsa kan jeru sahu-sahu. Na gilashi kuwa a hargitse suke daskarewa. A 1960, Pol Duwez da ɗalibansa a jami'ar Caltech ta Amurka suka hana gaurayen zinariya da silikon jeruwa, amma sai da suka sanyaya shi da saurin kusan digiri miliyan a daƙiƙa guda. Ɗan ɓawo siriri suka samu, wanda ba ya ƙeruwa.

A farkon shekarun 1990, a jami'ar dai, Atakan Peker da William Johnson suka haɗa zirkoniyam, titaniyam, jan ƙarfe, nikel da beriliyam, aka sa masa suna Vitreloy 1. Ƙwayoyin ba girmansu ɗaya ba, ƙananan sun cusa tsakanin manyan, kowa ya tare wa kowa hanya. Ko a narke, kaurinsa ya ninka na ƙarfe zalla kusan sau dubu, yana tafiya kamar zuma. Tunda motsi ya yi wuya, jeruwa ma ta yi wuya. Sanyayawar kusan digiri ɗaya a daƙiƙa ta wadatar, har a zuba sanda mai kaurin santimitoci.

Inda ni na fi tsayawa shi ne idan aka sake ɗumama shi. Da ya haura digiri 350 ko kusa da haka, ba ya narkewa farat ɗaya, laushi yake yi a hankali. Jan Schroers na jami'ar Yale ya nuna ana iya hura irin waɗannan gauraye da iska su ɗauki siffar kwalba. Sai dai lokacin ƙididdigagge ne. Ka ƙara wuta ya ƙara laushi, amma ƙwayoyin su sami damar jeruwa da wuri, abin ya koma mai saurin karyewa. Ka rage wuta, ka sami lokaci, shi kuma ya ƙi lanƙwasuwa.

Beriliyam ɗin nan fa ƙurarsa guba ce ga huhu, ba abin gwadawa a maƙera ba ne. Dalilin da ya sa aka nemo wasu gaurayen da babu shi a ciki ke nan.