Abin da na koya a kwantrol rum kafin na ajiye aiki

Satin da ya wuce na miƙa katina da makulli, kuma tunda ƙannenmu 'yan IT da masu bautar ƙasa sai tambayata suke a WhatsApp wai me ya faru, gara na faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Duk wanda ya yi aiki da mu a Sharada ya san tsarin, rijiyoyin burtsatse suna can nesa da masana'anta, kowacce da RTU ɗinta, wato akwatin da ke tattara bayanan rijiyar, da layin waya a ciki tana turo bayani zuwa SCADA, manhajar da ke nuna mana komai a kwantrol rum, mu muna gaban allo muna kunna famfo muna kashewa. To sai sensar da ke auna yawan ruwa a rijiya ɗaya ta fara wasa, alam na ta ihu cikin dare. Irin mai 4 zuwa 20mA ce, wato ƙarfin wutar da take turowa shi ke nuna yawan ruwa, kuma da gangan aka fara ta daga 4, don in ka ga 0 ka san waya ce ta tsinke ko sensar ta mutu, ba ruwa ne ya ƙare ba. Na rubuta a canja ta, oga ya ce babu kuɗi wannan watan, ya zo da kansa ya shiga PLC, kwamfutar da ke sarrafa famfo, da fasuwod ɗinsa ya danne lambar a kan cewa ruwa cike yake, don alam ya bar shi ya huta. Na ce, Yallaɓai, in ruwa ya ja baya fa, famfon zai ta juyawa a bushe. Ya ce kai yaro, tun kana firamare nake wannan aikin.

Afrilu ya zo, zafin Kano ya haura 40, ruwan rijiyar ya yi ƙasa, famfo ya ƙone ƙurmus, allo kuwa kore shar. Washegari sai ga kwairi da sunana, wai barci nake a bakin aiki, aka yanke min albashi.

Abin da oga ya manta shi ne SCADA tana ajiye komai, wane ne ya shiga, ƙarfe nawa, me ya taɓa. Na buga bayanan a takarda na kai ofishin manaja, ya karanta ya yi shiru, ya ce ka yi haƙuri, ka san babba. Kuɗina ba a dawo da shi ba, kuma wallahi ba kuɗin ne ke ci min rai ba, kalmar barcin nan ce, ni da ake kira tsakar dare in taso a babur daga Ɗorayi.

Saboda haka ƙannena, duk umarnin da aka ba ku da baki ku sa shi a littafin shif, da lokaci. Kar ku ara wa kowa fasuwod, ko ubangidanku ne. In kun ga allo kore ku duba yaushe bayani na ƙarshe ya shigo, sau da yawa data ce ta ƙare a layin. Da hunturu a goge solar da ke rijiyoyin, ƙura na kashe batir. Modbus, yaren da na'urorin ke magana da juna da shi, tun 1979 yake, ba ya tambayar kowa fasuwod, kar a jona shi da intanet ɗin ofis, kuma a daina soka filas a kwamfutar kwantrol, ta filas cutar kwamfutar nan Stuxnet ke yaɗuwa, wadda aka gano a 2010 bayan ta yi ɓarna a Iran.

Wanda zai gaje ni, don Allah ka leƙa rijiyar bayan sito, ita ma sensarta ta fara. Takardar neman sabuwa tana cikin fayil, har na tafi ba a sa mata hannu ba.